Kifin da Ya Ƙi Gina Ɗaki

Ran Juma'a da hantsi Temwa ta ɓullo daga cikin ruwa tana kururuwa, bututun shaƙar iska na bakinta, maganar ba ta fita sai gurnani. Kawunta Yotamu, wanda ke gyangyaɗi a cikin kwalekwale, ya zabura ya ɗaga sandar tuƙi sama.

"Ina yake? Ƙafa ya kama ko hannu?"

Ta tofar da bututun. "Ba kada ba ne, Kawu! Ramuka ne! Goma sha tara!"

Ya sauke sandar a hankali, ya ƙare mata kallo. "Ramuka. 'Yar nan, saura ƙiris zuciyata ta fito ta baki. Ramuka kika gani kike wannan ihu? Ki zo bayan gidana, ɓeraye sun haƙa sun fi ɗari, ki kalla kyauta."

Ba ta ma ji shi ba. Ta mayar da bututun ta sake nutsewa.

Sai an san abin da Temwa ke nema sannan a yafe mata ihun. Shekara takwas ta yi a birni tana karatun kifi, kuma ba kifin miya ba, waɗannan ƙanana masu ado da tafkin Malawi ya cika da su. Malamanta sun ce dukkansu kakansu ɗaya, suka yi ta rarrabuwa har suka zama iri ɗari-ɗari. Wani na kankarar gansakuka a dutse, wani na tonon yashi, wani kuwa ba shi da sana'a sai cizge ɓawon jikin 'yan'uwansa. Yawancin rabuwar nan mata ne suka jawo ta. A wasu irin, namiji ne ke kwasar yashi da baki, loma bayan loma, kwana da kwanaki, har ya gina ɗan fili mai ganuwa kamar akushi, ya tsaya a tsakiya yana karkaɗa jiki. Mace ta zo duba gini. In ya yi mata, ta shiga ta zuba ƙwai, ta kwashe abinta a baki ta tafi reno. In bai yi mata ba, ko kallo na biyu ba zai samu ba. Ran da matan wani gefe suka fara son wani fasalin gini daban, ranar iri ya fara tsagewa biyu. Kowa a fannin ya san haka a takarda. Wanda ya kama abin da idonsa yana cikin faruwa, shi ne ba a cika samu ba.

Malaminta, Farfesa Msiska, wata guda ya ba ta. "Ki je gida ki nemo mini tambayar da ta isa a yi shekara uku a kanta," in ji shi. "In kin samo, kin zauna a tafki. In ba ki samo ba, ki dawo, akwai kifaye kwalabe dubu biyu a ɗakin ƙasa suna jiran mai ƙirga musu haƙora." Temwa ta san ɗakin nan. Ba taga, sai warin magani da matattun kifaye da suka koma launin toka, idanu a zazzare. Ta tsane shi tsana ta gaske. Sati uku ta yi tana iyo daga wannan dutse zuwa wancan ba ta samu komai ba sai ƙunar baya da ciwon kunne. Yau, saura kwana takwas wa'adi ya cika, ta ce wa Kawu ya zagaya da ita ɗan lungun da ke bayan babban dutse, inda ruwa ke kwance, zurfinsa iyakar ƙirji.

Ga su nan kuwa a kan farin yashi. Ramuka goma sha tara, kowanne a kewaye tas, gindinsa a shafe, ganuwarsa kamar an gyara da hannu. A tsakiyar kowanne akwai namiji shuɗi mai ratsin rawaya a gadon baya, yana buɗe fukafukai yana rawa. Ta san kifin. A ɗaya gefen dutsen 'yan'uwansa na nan birjik, amma ginin can tarkace ne, wani tudu a karkace, wani rami kamar kaza ta yi tono. Ta zaro igiyar awo ta auna na farko. Santimita hamsin da biyu. Na biyu, hamsin da biyu. Na uku ma haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har na goma sha tara, duk haka.

Na bakwai shi ya fi tafiya da ita. Ya fi sauran zurfi, kuma akwai ɗan gurbi a ganuwarsa ta gefe guda, kamar an bar ƙofa. Mai shi wani ƙato ne mai yagaggiyar wutsiya, ga mata huɗu suna shawagi a bakin ramin suna jiran layi. Temwa ta yi dariya a cikin ruwa, ta shaƙi rabin tafki, ta fito tana tari tana ci gaba da dariyar.

Suna fitowa tudu ta hau kan dutse inda waya ke kamawa.

"Farfesa, duk ɗaya! Goma sha tara, awo ɗaya, ko yatsa bai bambanta ba!"

"Ke, yi numfashi tukuna. Kin auna sau biyu?"

"Sau uku! Kuma tsakaninsu da masu ginin tarkacen dutse ɗaya ne kawai. Farfesa, har ƙofa ɗaya ya yi wa nasa!"

Farfesa ya ce, "Kifi ba ya riƙe ma'auni, Temwa. In abin da kika faɗa gaskiya ne, ni da kaina zan goya ki in zagaya jami'a da ke. Ina tafe ran Litinin. Kafin nan ki kama bakinki, kada masunta su ji su je su share wurin da koma."

Ta sauko ta kama Kawu ta sa shi ya rantse. Ya rantse da Allah, ya rantse da kwalekwalensa, ya ƙara da cewa ko ba rantsuwa shi ba zai je gaban maza ya ce 'yar ƙanwarsa ta haukace a kan rami ba.

A gida ta tarar da mahaifiyarta, NyaLongwe, tana shanya farin rogo a kan rumfar kara, tsamin jiƙonsa ya cika tsakar gida. Temwa ta zagaye ta da rawa, ta ɗauki faranti tana kaɗawa, ta rungume akuya.

"Sannu, likitar kifi," uwar ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Miji kika samu?"

"Ya fi miji, Mama. Sabon kifi!"

"Ana cin sa?"

"Bai kai tafin hannu ba."

"To madalla. 'Yar NyaKamanga shekara uku ta yi, tana can asibiti tana yi wa mutane allura. Ke takwas, kin samo kifin da ba ya ƙosar da mage. A ina yake?"

"Sirri ne."

"Sirri." Ta juya wani gutsuren rogo. "Riƙe abinki. Matsa mini daga rana, kina yi wa shanyata inuwa. Kai, wannan rawar kai, ubanki sak."

Wannan magana kullum sai ta fito. Marigayi Eliyamu Mhone, mahaifin Temwa, ba a yi gwanin malipenga, rawar mazan yankin, kamarsa ba a duk gaɓar nan. In ya sa farin gajeren wando da farar riga da doguwar safa, ya ɗaga ƙahon duma, mata har daga wasu ƙauyuka suke takowa kallo. Amma gini, Allah bai ɗora masa ba. Ya aza harsashin ɗaki tun kafin a haifi Temwa, bango ya kai gwiwa ya tsaya, har yau yana nan kaji na kwana a kai. Gidan da suke ciki Kawu Yotamu ne ya gina wa ƙanwarsa. Shekara bakwai da rasuwarsa, Temwa ba ta taɓa jin uwar ta ambace shi ba sai da faɗa, kuma abin yana yi mata ciwo, don shi ne ya fara riƙe ta a ruwa ya ce ta buɗe ido ta ga gari.

Saboda haka ran Asabar, tana kwance a kan ruwa tana ɗaukar hoton ramuka, ta yanke shawara. Wanda ya gano sabon iri shi ke raɗa masa suna. Za ta sa masa sunan Eliyamu. Maginin da ya fi kowa iya gini a tafkin nan zai ɗauki sunan mutumin da bai taɓa kai bango kafaɗa ba, a rubuce, a littattafan duniya. Ta ce a ranta, Baba, na gama maka ɗakinka. Ta yi 'yar ƙwalla a cikin tabarau ɗin ruwa, sannan ta koma dariya.

Ran Lahadi a coci ta cika gefen takardar waƙoƙi da zanen da'ira. Da aka tashi waƙa ta ɗaga murya har limamin ya leƙo ta saman tabarau, uwar ta mintsine ta a cinya. Bayan an tashi ta gaisa da kowa hannu biyu, har da matar da suka yi shekara biyar ba sa magana. Ba ta ci abincin kirki ba. Ta goge igiyar awonta, ta wanke tabarau biyu, ta sa Kawu ya kwashe ƙashin kifi da tsohuwar koma daga kwalekwale don baƙo.

Farfesa Msiska ya sauka daga motar haya ran Litinin da safe, da malafa, da tumbi, da takalman iyo a rataye a wuya. Ko ruwa bai tsaya sha ba. Da ya shiga kwalekwalen, bakin jirgin ya kusa haɗuwa da ruwa, Kawu ya yi addu'a a bayyane. Temwa na gaba tana zuba bayani ba tsayawa, tana nuna faɗin rami da hannu, har sau biyu Kawu ya ce ta zauna ko su kife.

Suna dab da zagaya dutsen suka ji waƙa.

Temwa ta miƙa wuya tana leƙe. Kwalekwalen ya sha kwana, sai ga lungun nata cike da mata. Sun kusa ashirin, zannuwa a ɗaure a ƙirji, ruwa ya kai musu ƙugu wasu ƙirji, kowace da kwando a ka, suna waƙa suna takawa a kan farin yashinta. A kan ramukanta.

"Ku fita!" Ta miƙe tsaye, jirgin ya yi tangal-tangal. "Don Allah ku fita! Kuna taka su! Wayyo, ku tsaya inda kuke, kada wadda ta motsa!"

Ta faɗa ruwa da kayanta, ta nufe su tana iyo tana ihu. Waƙa ta tsinke. NyaKamanga, maƙwabciyarsu, mace mai murya kamar ganga, ta riƙe ƙugu.

"Mu fita ko mu tsaya? Zaɓi ɗaya, 'yar boko. NyaLongwe, ga 'yarki nan ta zo kama mu."

Temwa ta juya. Uwarta ce a can tsakiya. Ta sauke kwandonta cike da ɓararren rogo, ta danna shi ƙarƙashin ruwa, ta ɗora dutse a kai. Sannan ta hau kan kwandon da ƙafa biyu, ta dafa kafaɗar ta kusa da ita, ta murza hagu, ta murza dama, ta sake murzawa, har gindin kwandon ya nutse cikin yashi yadda igiyar ruwa ba za ta ɗauke shi ba. Ta gefen can wata ma ta hau nata tana murzawa. Da wata. Da wata.

Temwa ta tsaya cak, ruwa na zuba daga gashinta.

"Mama," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Me kuke yi a nan?"

"Me muke yi? Rawa muke yi. Ke da me kike zaton ake tuƙa tuwon da kike ci? Jiƙon rogo mana."

"Ai a rafi ake jiƙo. A kududdufan bakin rafi."

"Da kenan. Shekara shida da kada ya cinye akuyar NyaKamanga a wurin. Tun lokacin nan muke zuwa. Mu sa ran Litinin, mu cire ran Alhamis da sassafe, mu shanya. In da kina zuwa hutu kina ɗaukar kwando maimakon littafi, da kin sani."

Hannun Temwa da kansa ya zaro igiyar awon. Ta karɓi kwandon wata mata da ba ta riga ta sa ba, ta auna gindinsa. Hamsin da biyu. Ta auna na NyaKamanga. Hamsin da biyu.

"Wa ke saƙa muku?"

"Tsoho Chimbaza," in ji NyaKamanga. "A kan gindin tsohon duronsa yake saƙawa, duk ɗaya suke fitowa. Kina so a yi miki ne?"

Temwa ta nutse. Ta shafa gindin kwandon uwarta. A gefe guda akwai faci na tsohuwar tayar keke, ya yi ƙullutu ya turo waje. Ƙofar rami na bakwai kenan.

Da ta ɗago, kwalekwalen ya iso. Farfesa ya dubi kwandunan, ya dubi igiyar awo a hannunta, ya dubi fuskarta. Tumbinsa ne ya fara motsi. Ya toshe baki da malafa, abin ya fi ƙarfinsa.

"Sabon iri!" ya ce yana haki. "Mai ƙafa biyu! Yana ɗaura zani! Wayyo Allah, Temwa, har da ƙofa!"

Ya kwanta a jirgin yana dukan katako, jirgin na ɗiban ruwa. Kawu na kwarfewa da gwangwani yana cewa, "Ni fa kada a dube ni. Tuwo nake ci, ban taɓa tambayar inda rogo ke kwana ba." Da matan suka gane abin da ya faru, lungun ya ɗauka gaba ɗaya. Wata ta zauna a ruwa don dariya. NyaKamanga ta ce a rubuta sunanta a littafin Turawa, ita ce ta gina na uku da na tara.

Temwa ta so ƙasa ta tsage. Kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa. Kwana uku tana auna sawun kwandon uwarta, tana ɗaukarsa hoto, tana yi masa kuka. Ga warin ɗakin ƙasa har ta fara jin sa a hanci, ga kwalabe dubu biyu. Ta ja tabarau ɗin ruwa ta rufe ido don kada a ga hawayen.

NyaLongwe ba ta yi dariya ba. Ta sauko daga kan kwandonta, ta gyara zani, ta tako har bakin jirgin.

"Malam, sannu da zuwa. In ka gama, ka ajiye sauran dariyar don hanya, tafiyar da nisa." Farfesa ya haɗiye abinsa ya tashi zaune. Ta juya ga 'yarta. "Ke kuma cire wannan abin a fuska, kin zama kamar kwaɗo. Wane kifi kika gani a ramukan?"

"Shuɗi," Temwa ta ce da ƙyar. "Mai ratsin rawaya."

"Au! Angwayen Alhamis?" Uwar ta tafa hannu. "Su ne sirrin? Da kin buɗe baki ran Juma'a da na hutar da mutumin nan kuɗin mota. Malalatan banza. Ai muna ɗaga kwando suke faɗawa ramin, kafin yashi ya kwanta an fara dambe. Alhamis zuwa Lahadi suna angwanci. Litinin mu zo mu kore su, su yi ta cizon mu a ƙwauri."

"Ga ɗaya yanzu ma," in ji NyaKamanga, ta kai wa ruwa mari.

Farfesa ya share ido. "Mama, tsaya. Ba sa gina nasu?"

"Da suna yi. Shekarar farko biyu ne ko uku suka gane ramin kwando, sauran na nan suna wahala da baki. To matan kifin fa? Matan suka ga ɗaki mai kyau, suka bar masu wahala suna kallo. Yanzu duk lungun nan ba mai ɗaga ƙwayar yashi. Wanda bai samu rami ba sai ya tsaya gefe yana jiran wani ya gaji."

"Ƙananan da suka taso a nan ma?"

"Su suka fi lalacewa. Ba su ma san ana yi ba."

"Na bayan dutse fa? Suna zuwa?"

"Mazan kan leƙo, a kore su. Matan can kuwa ban sani ba, ni ba a can nake jiƙo ba."

"A'a, suna zuwa," in ji wata daga baya.

"Ƙarya ne, ba sa zuwa, na can sun fi duhu," in ji NyaKamanga.

Gardama ta kaure. Mata ashirin, kowace da nata labarin, wannan ta ce tun bara launinsu ya ƙara haske, waccan ta ce idonki ne ya tsufa. Farfesa ya daina dariya ɗungurungum. Ya miƙa wa Temwa hannu ta ba shi tabarau, ya zame daga jirgin, ruwa ya yi tsalle har kan Kawu. Ya jima a ƙasa, ba a ganin komai sai bututu da gadon bayansa suna zagaya kwanduna. Temwa ta bi shi. Ga su nan kuwa, kowane namiji na shawagi a gefen kwandon da ya danne masa gida, ga farin yashi fili guda ba wanda ya taɓa. Mai yagaggiyar wutsiya na manne da facin tayar keke, yana kai wa duk wanda ya matso hari.

Farfesa ya fito yana huci.

"Ban ce sabon iri ba ne," ya ce, yana nuna ta da yatsa. "Kada ki sake kira na ki ce sabon iri sai kin tambayi mahaifiyarki. Amma saurara. In aka ɗauki ɗan nan aka kai shi inda ba kwando, zai gina ko ya manta? Macen nan za ta karɓi ginin tarkace? Ta can za ta karɓi wannan? Shekara shida kacal, kuma ga shaidu ashirin da suka ga farkonsa! Mutane na tsufa suna neman irin wannan ba su samu ba." Ya juya ga matan. "Iyayena, don Allah kada ku canza wuri. Kada ku canza rana. Tsohon nan mai saƙa kuma a gaishe shi, kada ya yar da duron nan."

"Farfesa," Temwa ta ce. "Kwalaben fa?"

"Su jira, ai matattu ne. Shekara uku ma ban ga ta ishe ki ba."

Ihun da ta yi ya fi na ran Juma'a. Ta faɗa kan NyaKamanga suka nutse tare, suka fito suna tari. Matan suka ɗauki waƙa daga inda ta tsinke, suka saka sunanta a ciki, suka ce likitar kifi ta yi karatun shekara takwas ta gano kwando. Ita ma ta bi su tana amshi. Farfesa ya nemi a ba shi kwando ya murza, ya hau, ya sulluɓe, ƙafafu a sama. Kawu ya ce shi dai a biya shi da tuwo, ya ga abin da ya ishe shi yau.

Da hayaniyar ta lafa, mata suka fara fita tudu ɗaya bayan ɗaya, Temwa ta ga uwarta ta koma kan kwandonta. Ai ta riga ta dasa shi. Amma ta sake hawa, tana ƙara murzawa a hankali, tana duban ruwa.

Temwa ta matsa kusa. "Mama, naki ya fi na kowa zurfi. Na auna."

"Na sani."

"Don me?"

Uwar ta nuna da haɓa. "Kin ga wancan mai yagaggiyar wutsiya? Eliyamu kenan."

Temwa ta dubi kifin, ta dubi uwarta.

"Shi ne Eliyamu na uku. Duk wanda ya ci ramina shi ke gadon sunan. Dube shi don Allah. Kwalliya da rawa, ko ƙwayar yashi bai taɓa ɗauka ba, yana zaune a ɗakin da wani ya gina, mata na bin sa kamar ya yi musu asiri." Ta ja tsaki, amma muryarta ta karye a ƙarshe. "Ni ma ai haka na bi shi. Da zai dawo, da na sake bi. To in ban zurfafa masa ba, igiyar ruwa ta share ramin kafin Lahadi, ina zai zauna?"

Temwa ta tsaya tana kallon uwarta, hawaye na zuba, ba ta ɓoye su ba wannan karon. Shekara shida matar nan na zuwa duk Litinin tana yi wa mijinta ɗaki, ba wanda ya sani.

"Mama, ni ma sunan da na yi niyyar sa masa kenan."

"To kin makara, an riga ki." NyaLongwe ta share fuska da bayan hannu, ta matsa gefe a kan kwandon. "Hau nan. Kin fi ni nauyi, cin burodin birni. Hagu za ki fara, kuma ki kula da facin, kada ki toshe masa ƙofa."

Temwa ta hau, ta riƙe kafaɗar uwarta, suka murza tare.